Hangen Sama Ba Sanin Ƙasa Ba: Sharhi a Kan Wasan Tuƙa Tsofaffin Jiragen Yaƙi

A garin Gure, kamar sauran garuruwan da ke bisa babbar hanyar da ta tashi daga Damagaram ta miƙe gabas zuwa Diffa, wasan kwamfuta ya daɗe da zama ɗan gida. Na ƙwallon ƙafa shi ya fi cin kasuwa, amma tun da wayar hannu ta wadata, wani nau'in wasa ya samu shiga wurin ɗaliban kwaleji da na lise, wato wanda yaro zai hau tsohon jirgin yaƙi mai farfela, irin na zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, ya tashi sama ya yi ta fafatawa da abokan gaba. Manyan wasannin wannan fanni suna bukatar kwamfuta mai ƙarfi da intanet mai sauri, abubuwan da ba kowane gida ke da su ba. Saboda haka yawancin yara ƙananan ire-irensu suke saukewa a waya, ko kuma su kalli bidiyon gwanayen da suka ɗauki wasansu suka watsa. Ko ta wace ƙofa aka shiga dai, ɗaki ɗaya ake tararwa: kujerar matuƙi, agogunan inji a gabansa, da sararin sama.

Idan zancen irin wannan wasa ya taso a ɗakin malamai ko a taron iyayen yara, tambayoyi biyu aka saba yi: shin yana cinye lokacin karatu, kuma shin yana cusa wa yaro son zubar da jini? Duka biyun suna da muhimmanci. Sai dai akwai ta uku wadda ba a cika yi ba, alhali ta fi su shafar malamin tarihi da malamin harshe: wane labari wasan yake ba yaro game da yaƙin da yake kwaikwayo, kuma a ina ya ajiye ƙasar yaron a cikin labarin? Wasa ma yana da mawallafi kamar littafi, yana da abin da ya zaɓa ya nuna da abin da ya bari a duhu. Wanda ya fi cancanta a ɗora bisa ma'auni a nan shi ne Desert Wings – Tobruk, na jerin wasannin IL-2 Sturmovik, wanda ƙungiyar Team Fusion Simulations ta tsara aka fitar a 2020. Dalilin zaɓensa shi ne fagensa yana cikin Afirka, a hamadar Libiya, ƙasar da ta yi iyaka da Nijar.

Inda wasan ya yi zarra

Adalci ya wajabta a fara da yabo. A 1984, lokacin da kamfanin Capcom na Japan ya fitar da wasan da ya kira 1942, jirgin ɗan ƙaramin hoto ne da ake ja dama da hagu yana feshin harsashin da ba ya ƙarewa. Da aka zo kan Red Baron a 1990 da Combat Flight Simulator na kamfanin Microsoft a 1998, mai wasa a cikin jirgin kansa yake zaune, yana kallon duniya ta gilashin gabansa. A 2001 wasu ƙwararru a Rasha, ƙarƙashin jagorancin Oleg Maddox, suka fitar da IL-2 Sturmovik, wanda ya kafa sabon mizani wajen bin gaskiyar inji da iska. A 2012 kuma aka buɗe wa jama'a War Thunder na kamfanin Gaijin, wanda ya tara ɗimbin masu wasa daga sassan duniya ta hanyar intanet.

A ɗauki jirgin Hurricane na Ingila, wanda Sydney Camm ya zana, ya fara tashi a Nuwamba 1935, aka ƙera fiye da 14,000 irinsa. Wanda ya hau shi a cikin wasan Tobruk zai gane tun kafin ya bar ƙasa cewa ba a ba shi abin banza ba. Farfela tana juyawa ta gefe ɗaya, jirgin yana neman zamewa daga kan hanya, dole a riƙe shi da ƙafa ta hanyar fiffiken wutsiya. Idan aka manta da buɗe lagireto inji ya yi zafi ya ƙone. A samfurin farko, idan matuƙi ya dunƙufar da hancin jirgin ƙasa farat ɗaya, mai ya rikice a kafireto, inji ya yi tari ya shaƙe na ɗan lokaci, alhali Messerschmitt 109 na Jamus, mai famfon da ke tura mai kai tsaye cikin inji, ya riga ya sulale ya tsere. Bindigogi takwas ne a fukafukan, amma harsashin da ke cikinsu bai wuce na daƙiƙa 15 ba idan aka danne kunama aka ƙi saki. Har matatar iska da aka ƙara a ƙarƙashin hancin jiragen da aka tura hamada, don kare inji daga rairayi, ba a manta da ita ba, tare da ragin gudun da ta jawo.

Dabarun faɗan ma an bi su daki-daki. Maharbin da ya saba harbin tsuntsu a tashe ya san inda tsuntsun zai kai ake aunawa. Haka mai wasa zai koyi sa harsashi a gaban jirgin da ke gudu. Zai koyi cewa tsayi jari ne, domin wanda ke sama yana iya sauya tsayinsa ya zama gudu, ya faɗo kamar shaho ya sake komawa, na ƙasa kuwa sai dai ya yi ta kewayawa yana neman tsira. Zai koyi ɓuya a cikin hasken rana, da waiwaye a kai a kai. Yaron da ya iya waɗannan ya koyi haƙuri, ya taɓa kimiyyar motsi da hannunsa, ya karanta taswira da kamfas, ya kuma tsinci kalmomin Faransanci da na Ingilishi. Malamin da ya ce babu abin ƙaruwa a ciki bai zauna ya duba ba.

Ta ina jirgin ya biyo?

Matsalar tana farawa ne daga hoton farko. Mai wasa yana danna maɓalli, sai ga shi a filin jirgi kusa da Tobruk, jirginsa cike da mai da harsashi, kamar daga ƙasa ya tsiro. Ba a gaya masa ta ina jirgin ya biyo ba, alhali amsar tana bayan gidansu.

A Yunin 1940 Faransa ta faɗi, Italiya ta shiga yaƙi, hanyar Bahar Rum ta zama mai haɗari ga jiragen ruwan Ingila, kewaya Afirka ta kudu kuma tafiya ce ta makonni masu yawa. Sai aka koma kai jiragen sama a kwance cikin akwatuna zuwa tashar Takoradi, a ƙasar da ake kira Gana a yau. A can ake harhaɗa su, su tashi zuwa Legas, daga nan Kano, Maiduguri, Fort-Lamy wadda ita ce Injamena ta yanzu, su ratsa Darfur ta Janaina da Alfashir, su sauka Hartum, sannan su bi kogin Nilu zuwa Masar. Tafiyar kusan kilomita 6,000 ce, ta kwana shida ko makamancin haka. Ayarin farko ya tashi a Satumba 1940. Jirgin Blenheim mai inji biyu, mai ɗauke da masanin hanya, shi ke gaba, ƙananan jiragen faɗa suna biye da shi kamar ƴan tsaki bayan kaza. Zuwa 1943 jirage fiye da 5,000 sun bi wannan hanya, cikinsu har da Hurricane da Tomahawk da Kittyhawk, wato ainihin waɗanda ake tuƙawa a cikin wasan. Hazon hunturu da guguwar damina sun ɓatar da wasunsu a daji tun ba su ga abokin gaba ba.

Layin da ke tsakanin Kano da Maiduguri yana kudu da Gure, nisan da Hurricane zai ci cikin ƙasa da awa guda. Matuƙan suna kiyaye karkata arewa, domin a lokacin Nijar tana ƙarƙashin gwamnatin Vichy, wadda ta yi sulhu da Jamus, har zuwa Nuwamba 1942, yayin da Cadi ta bi Janar de Gaulle tun Agusta 1940 bisa jagorancin Gwamna Félix Éboué. Wato iyakar da ta raba Manga da Hausawan Gure da ƴan'uwansu na Nguru da Machina ta zama iyakar ɓangarori biyu na rikicin Turai. Jamusawa sun san darajar wannan hanya sarai: a Janairu 1942 wani jirginsu samfurin Heinkel 111 ya taso daga kudancin Libiya ya ratsa hamada ya jefa bama-bamai a Fort-Lamy, ya ƙone man jirage mai yawa. Akwai kuma wani zare da ya ɗaure Kano da Tobruk. Arthur Coningham, wanda ya jagoranci jirage uku na farko da suka sauka Kano a Nuwamba 1925, shi ne ya zama kwamandan rundunar sama ta Ingila a hamadar Libiya da Masar daga 1941.

Jirgi ba ya sauka a kan iska. Filayen Kano da Maiduguri da Fort-Lamy leburori ƴan ƙasa ne suka share su, suka faɗaɗa su, da diga da kwanon sarki. Gangunan mai da jirgin ƙasa ya kawo Kano, hannuwan mutane ne suka sauke su suka loda a motoci. Bayan Japan ta kame Malaya a 1942, Ingila ta rasa babbar majiyarta ta kuza, sai aka tilasta wa dubun-dubatar talakawan lardunan Arewacin Nijeriya zuwa haƙar kuza a tsaunukan Jos tsakanin 1942 da 1944, inda sanyi da yunwa da cuta suka kashe da yawa. A ɓangaren Faransa aikin tilas da karɓar hatsi da dabbobi da sunan taimakon yaƙi sun ci gaba, ba a soke aikin tilas ba sai da dokar Houphouët-Boigny ta Afrilu 1946. An kuma tara kuɗi a Nijeriya don sayen jirage, har wata rundunar jiragen Spitfire ta Ingila, mai lamba 91, ta ɗauki sunan Nijeriya. A cikinta wani Bafaranshe mai suna Jean Maridor ya yi aiki, ya mutu a Agusta 1944 yana harbo bam mai tashi na Jamus a kudancin Ingila. Duk wannan babu ko ɗigonsa a cikin wasan. An auna kaurin ƙarfen fiffike, an manta da gumin da ya kai fiffiken fagen fama.

Hamadar da babu kowa

Daga sama, ƙasar da wasan ya zana tana da kyawun gani: gaɓar teku, rairayi, duwatsu, hanya ɗaya doguwa, sansanonin soja da ayarin motoci. Garuruwa suna nan da gine-ginensu, amma babu mace a bakin rijiya, babu makiyayi da garkensa, babu kasuwa. Abin da ke motsi a ƙasa kayan soja ne, ko na abokin gaba a harbe shi, ko na aboki a kare shi. Wannan ba laifin wasan Tobruk kaɗai ba ne. Haka War Thunder yake, haka kusan dukansu suke. Masu tsarawa suna da hujjarsu, domin ba wanda zai so a ba yaro damar harbin farar hula don nishaɗi. Hujjar tana da ƙarfi. To amma sakamakonta shi ne yaƙi ya fito tsaf kamar gasar gwanaye biyu a filin da aka share, hamada kuma ta koma shimfiɗar da Turawa suka yi kokawa a kanta.

Ɗan Gure ya san hamada ba haka take ba. Ya san tsakanin tuddan rairayi akwai kwaruruwa masu dabino da goriba da kanwa, ya san akwai rijiya da hanyar raƙumi da mai ita, ya san wurin da baƙo zai ce babu kowa yana da suna a bakin Batube da Bafillace da Buzu. Yankin Tobruk ma haka yake, kuma idan ya yi ƙarancin jama'a a 1941, akwai dalili. A farkon shekarun 1930 sojan Italiya sun kwashe makiyayan gabashin Libiya sun tsare su a sansanoni irin su Suluk da Agaila, inda dubbai suka mutu, don a raba mayaƙan Sanusiyya da masu ciyar da su. A Suluk aka rataye Umar Mukhtar a ranar 16 ga Satumba 1931, dattijon da aka haifa a kusa da Tobruk ɗin nan, wanda Hausawa da yawa suka san labarinsa ta fim ɗin da Moustapha Akkad ya shirya. Jiragen sama suna cikin manyan makaman da aka yaƙe shi da su, kuma da taimakonsu aka kame dausayin Kufra a Janairu 1931. Kafin nan ma, bam na farko da aka taɓa jefowa daga jirgin sama mai inji a tarihin yaƙi a ƙasar Libiya ya faɗa, ranar 1 ga Nuwamba 1911, daga hannun wani hafsan Italiya mai suna Giulio Gavotti, a kusa da Tarabulus. Sanusiyya kuwa ba baƙuwa ba ce a Nijar: tana da zawiya a Kawar, kuma da goyon bayanta Kawsan ya yi wa Faransawa ƙawanya a Agadas daga ƙarshen 1916 zuwa farkon 1917.

Sojan da ke ƙasa ma ba Turawa ne kaɗai ba. Rundunar da Leclerc ya tashi da ita daga Cadi ya ƙwace Kufra a Maris 1941, mafi yawanta baƙaƙen fata ne. A Bir Hakeim, kudu maso yamma da Tobruk, inda sojan Faransa masu bin de Gaulle suka tsaya wa Rommel daga ƙarshen Mayu zuwa 11 ga Yuni 1942, akwai bataliyar Ubangi-Shari daga tsakiyar Afirka. Mai wasa zai iya shawagi a kan wannan yanki sau ɗari bai san da su ba. Hausawa sun ce hangen Dala ba shiga birni ba. Wasan ya ba yaro hangen, ya hana shi birnin.

Jiki magayi

Abu na uku da ya ɓace shi ne jikin matuƙin. An yi ƙoƙarin kwaikwayon wasu alamu: idan aka juya jirgi da ƙarfi allo yakan yi duhu, don nuna jini ya sauka daga kai, idan harsashi ya sami matuƙi allo yakan yi ja. Amma da jirgi ya kama wuta ya faɗi, sai a danna maɓalli a karɓi sabo. A War Thunder ma kowane jirgin da aka harbo maki ne da kuɗin wasa, waɗanda ake tarawa a buɗe jirgi na gaba, wanda ya gaji da jira kuma yana iya biyan kuɗi na gaske ya gajarta hanya. Tsarin da kansa yana koyar da cewa yaƙi tsani ne da ake hawa, kowane mataki da ladansa.

Waɗanda suka tuƙa jiragen da gaske sun bar wata shaida dabam, kuma tana cikin littattafan da malamin Faransanci ya sani. Pierre Clostermann, wanda ya yi yaƙi a jiragen Spitfire da Tempest, ya wallafa Le Grand Cirque a 1948. Littafin yana da faɗan sama mai tayar da tsikar jiki, amma yana cike da tsoro da gajiya da lissafin abokan da ba su dawo ba. Antoine de Saint-Exupéry, a cikin Pilote de guerre na 1942, ya ba da labarin tafiyar leƙen asiri a kan garin Arras a 1940, kuma wani babban sashe na littafin a kan mutanen ƙasa yake, ƙauyawan da suka cika hanyoyi suna gudun yaƙi da ƴan komatsansu. Shi ma matuƙi ne, daga sama yake kallo, amma idonsa ya ga mutane. Ya tashi daga tsibirin Kosika a ranar 31 ga Yuli 1944 bai dawo ba, babu kuma maɓallin da aka danna.

Mai kare wasan zai ce ai wasa ne, kuma Bahaushe ma yana da wasannin da ke kwaikwayon faɗa, tun daga dara da langa har zuwa dambe da kokawa. Gaskiya ne, kuma ba a nan ake cewa wasan jirgi zai mayar da yaro mai kisa ba. Wannan zargi ne mai sauƙin yi, mai wuyar tabbatarwa. Bambancin yana wani wuri. A gasar kokawa ta takobin ƙasa, wadda aka fara a Tawa a 1975, wanda aka kayar yana da suna da gari da kirari, jama'a suna ganin ƙurar da ke bayansa, wanda ya kayar da shi yakan miƙa masa hannu ya tashe shi. Dara kuma ba ta taɓa cewa ita tarihin wani yaƙi ba ce. Wasan jirgi kuwa da sunan gaskiya yake tallar kansa: ga ainihin jirgin, ga ainihin filin, ga ainihin shekarar. Wanda ya yi iƙirarin gaskiya a kan ƙusa da kafireto, dole a tambaye shi gaskiya a kan mutane.

Farfela ba ta tsufa ba a Sahel

Ga Bature ko Ba'amurke mai wannan wasa, jirgi mai farfela kayan gidan tarihi ne, abin tuna kakanni, yaƙin da ya ƙare a 1945. Wannan shauƙin tsohon zamani shi ne rabin daɗin wasan, shi ne kuma ke sa a ji kamar babu laifi a ciki. A yankin Sahel lamarin ya sha bamban. Jiragen Super Tucano 12 da Nijeriya ta karɓa a 2021 masu farfela ne. Jiragen Bayraktar marasa matuƙi da Nijar ta samu daga Turkiyya a 2022 farfela ce ke tura su. Haka waɗanda Amurka ta riƙa tayarwa daga sansaninta na Agadas daga 2019 har ta fice a 2024. Ƙarar da ɗan Turai ke biyan kuɗi ya ji a gidan kallo, makiyayin gabashin Nijar yana iya jin ƴar'uwarta a saman garkensa.

Kuskuren ido daga sama ma ba tsohon labari ba ne. A Janairu 2017 jirgin sojan Nijeriya ya jefa bam a sansanin ƴan gudun hijira na Rann a jihar Borno, hukumomi suka ce kuskure ne. A Disamba 2023 jirgi marar matuƙi ya afka wa masu bikin Maulidi a ƙauyen Tudun Biri a jihar Kaduna, mutane da dama suka rasu, rundunar soja ta amsa cewa nata ne. A wuraren biyu, abin da ya bayyana daga sama a matsayin taron abokan gaba, a ƙasa mata ne da yara da tsofaffi. Mai sarrafa jirgi marar matuƙi yana zaune ne gaban allo da sandar tuƙi a hannu; zamansa ya fi kama da na yaron da ke wasa fiye da na matuƙin Hurricane. Shi ya sa ido da ya saba ganin ƙasa babu kowa a cikinta abin lura ne a nan, fiye da yadda yake a Turai.

Abin da ya rage ga malami

Hani ba zai yi amfani ba, domin wayar tana aljihun yaro, abin da aka hana kuma ya fi daɗi. Abin da ya fi shi ne a karɓi sha'awar a yi mata jagora. Ɗalibin da ya san bambancin Hurricane da Messerschmitt ya riga ya zo da rabin darasi a kansa. Saura a ba shi taswirar Afirka a ce ya ja layi daga Takoradi zuwa Alkahira, ya auna nisan kowane zango, ya nuna inda Gure take, ya faɗi dalilin da ya sa jiragen ba su bi ta Damagaram ba. Darasin ƙasa da na tarihi da na lissafi sun haɗu ke nan a awa guda. Malamin Faransanci zai iya ɗora shafin Saint-Exupéry kusa da bidiyon wasa, ya tambayi aji abin da ɗaya ya gani wanda ɗayan bai gani ba, ya kuma haɗa da fim ɗin Camp de Thiaroye na Sembène Ousmane, na 1988, a kan kisan da sojan Faransa suka yi wa tsofaffin sojan Afirka a kusa da Dakar ranar 1 ga Disamba 1944, sa'ad da suka nemi haƙƙinsu.

Malamin Hausa yana da nasa rabon. Makanikai sun riga sun ba harshen farfela da lagireto da kafireto. Sauran sassan jirgi da dabarun tuƙinsa suna jiran wanda zai laƙaba masu suna, kuma ajin da ya yi gardama a kan yadda za a kira fiffiken wutsiya ya yi aikin raya harshe na gaske. Sannan yaƙin yana da nasa adabin Hausa da ya kamata a tono: jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka kafa a Zariya a 1939 Abubakar Imam yana editanta, ta ba da labarinsa da Hausa tun yana gudana, Sa'adu Zungur kuma ya yi waƙar maraba da sojan da suka dawo.

Ƙungiyoyin raya al'adu su ne za su iya yin abin da ya fi gaggawa. Waɗanda suka yi yaƙin da waɗanda aka kai aikin tilas kusan duk sun riga mu gidan gaskiya, amma ƴaƴansu suna raye, kuma a wasu gidaje akwai lambar girma ko takardar fansho a ƙasan adaka, akwai labarin shekarar da aka karɓe gero, akwai abin da tsohuwa ta ji daga bakin mahaifinta ranar da ya fara ganin jirgi. Wayar da yaro ke wasa da ita tana ɗaukar murya. A tura ɗalibai gidajen Gure da ƙauyukan Muniyo da Kutus su ɗauko waɗannan labarai da Hausa da Barbarci da sauran harsunan yankin, a rubuta su, a ajiye kwafi a makaranta. Masu tsara wasa a Turai ba za su zo su yi wannan aiki ba, kuma kowace shekara masu riƙe da labaran raguwa suke yi.